Ragowar Yara

Zuwa ga taubashiyata Ludayi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da ɗaliban da kike azabtarwa da girkinki a makarantarku ta kwana. Mu nan lafiya ƙalau, sai Auta da ya yi mura ya warke. Maman yara ma mun yi waya, ta ce karatun ungozoma ba wasa ba ne, amma tana nan tana fama, sai ƙarshen shekara ta gama.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. A waya ba kya barin mutum ya kai aya, maganar nan kuwa ina so ki ji ta har ƙarshe kafin ki fara dariya.

Kamfaninmu ya tura mu direbobin bas gwajin lafiya. Likita ya ɗaura min abin awon jini, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Sannan ya ce in hau sikeli. Ya kalli allurar, ya kalle ni, ya ce, "Malam, jininka ya hau, nauyinka ma ya yi yawa. Ga magani, amma magani kaɗai ba zai wadatar ba. Ka dawo nan da wata huɗu. In ban ga canji ba, ba zan sa hannu a ba ka motar da ke ɗauke da rayukan mutane ba." Kin san ma'anar wannan. Za a sauke ni daga sitiyari a mayar da ni wankin motoci a gareji, albashin can kuwa ba zai riƙe gida ya riƙe karatun Maman yara ba. Dole ta tattaro ta dawo, bayan duk wahalar da ta sha.

Ni da kuke kira Tsinke tun muna gidan Kaka, yau sitiyari gogar tumbina yake. Duk rigar aikina akwai baƙin layi a daidai cibiya. Babbar 'yata, takwarar gwaggonki, wadda nake kira Mamana, ta gaji da dirzar wurin da sabulu.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba na cin abinci. Wallahi tun da uwarsu ta tafi ban zauna na zuba a faranti na ci ba. Da safe in dafa ruwa, in shirya Auta, in nemo wa Gola takalminsa ɗaya da kullum yake ɓata, in watsa su a babur in kai makaranta, in wuce tasha. Da yamma in ɗora tukunya, in zuba musu, suna ci ina gugar kayan makaranta. In sun ce, "Baba, kai fa?" in ce na ci a hanya. Sai dai in na zo wanke-wanke na tarar da ragowa, to kin san tarbiyyar Kaka, ba a zubar da abinci, sai in kawar da ita a tsaye. Yaran masu tsafta ne, a gefe guda suke tara ta, wani lokaci har da nama. Wannan ai ba ci ba ne.

Na tuna yadda kika koma bayan haihuwarki ta huɗu, na kuma tuna bara da na wuce ki a tasha ban gane ki ba. Ki taimaka ki faɗa min sirrin. Wani kwandasta ya kawo min ganyen shayi, ya ce cikin mako biyu yana narkar da tumbi. In sha?

Ni ne naki,
Tsinke

*

Zuwa ga Tsinken da ya zama turmi,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na karanta ta a bakin murhu, dariya ta kusa sa in ƙona shinkafar makaranta guda. Mu nan lafiya, sai gwiwar maigidan da ke ɗan damunsa, amma da sauƙi. Ka shafa min kan Auta da Gola, ka ce wa Mamana ina gaishe ta.

Ganyen kwandasta tukuna: juye shi a kwata. Gudawa zai sa ka, kai kuwa a kan sitiyari kake yini, ka ɗan yi tunanin abin da zai faru ga mota cike da fasinja. Maganin likita kuma ka sha shi yadda ya ce, ko da ka ji kamar ka warke.

Wai ba ka cin abinci! Ni ma haka na riƙa rantsuwa. In ɗanɗana miya, in ɗanɗana gishiri, in share kwanukan yara, a ganina yunwa nake kwana da ita. Ka tara ragowar yara uku a faranti ɗaya ka kalle ta da idonka, za ka ga abincin ƙato ne. Kuma wannan "na ci a hanya", me kake ci a hanyar? Na san direbobi. Shayi mai sukari har cokali ya tsaya, burodi, soye-soyen bakin tasha, lemon kwalba duk sauka. Ƙaryata ni in ka isa.

Ba ni da wani sirri, ban kuma taɓa samun lokacin zuwa wurin motsa jiki ba, kai ma ba za ka samu ba. A cikin aikin yini na cusa nawa. Sukarin shayi ka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, harshe ba ya gane an cuce shi in an bi shi a hankali. Ka aje gorar ruwa a gefen kujerarka, duk lokacin da ranka ya biya lemo ka fara kurɓar ruwa. Ka fita da abincinka a kula daga gida, ko dafaffen ƙwai ne da wake da kayan lambu, domin mai yunwa a tasha duk abin da ya gani a kasko saye yake. Lokacin da kake jiran layinka ya zo, maimakon ka miƙe a kujerar baya kana minshari, sauka ka zagaya filin. Makarantar yara kuma na san ba ta da nisa, aje babur ku taka, ku fita da wuri kawai. A tukunya ka rage mai, ka rage gishiri.

Ragowar yara ka rufe ta ka sa a firji. Kaka ta hana zubarwa ne, ba ta ce cikinka ne kwandon shara ba.

Wanda ya fi duka kuma, ka buɗe kunne: ka zuba naka a faranti, rabi ganye, ka zauna tare da yaran ka ci kamar mutum. Guga ta jira. Kada ka horar da kanka da yunwa, mai yin haka ba ya kai wata guda.

Wata huɗu sun ishe ka. Ni da yara huɗu da tukwanen da sun fi ka girma na yi, balle kai.

Taka mai jiran ganin ka koma tsinke,
Ludayi

*

Zuwa ga Ludayi, likitar da ba ta da takarda,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa maigidan sannu da gwiwa. Mu nan lafiya lau. Gola ya fasa gilashin tagar maƙwabta da ƙwallo, ban da wannan babu labari.

Ki shirya tukuici, ɗalibinki ya fara abin kirki. Bel ya matsa rami ɗaya. Jiya na zura yatsu biyu tsakanin tumbina da sitiyari, suka shige. Na kira kwandasta ya zo ya shaida, ya ce da ganyensa na sha da yanzu hannu guda ne zai shiga. Na ce ya riƙe abinsa.

Direbobi sun sa min suna Mai Gadi, saboda zagayen da nake yi a filin tasha. Ko a jikina. Biyu daga cikin masu dariyar yanzu bina suke a baya, suna cewa wai iska suka fito sha. Mai shayi kuwa fushi yake da ni, in ya ga na nufo shi sai ya ce, "Ga mai ruwan zafi nan." Ashe shayi yana da nasa ɗanɗanon, ban taɓa sani ba. Ran nan dai rana ta yi zafi, na kwankwaɗi lemo kwalba guda, ba zan ɓoye miki ba. Na ce an yi an wuce, washegari na koma kan gorata.

Tafiya makaranta a ƙafa ta fi komai daɗi. Gola yana ta mita, Auta in mun zo hawa sai ya ce ƙafarsa ta mutu, in ɗora shi a wuya. Makon farko sai na tsaya na huta a tsakiyar hawan. Yanzu har hira nake yi da shi ina tafe.

Zaman cin abinci ne ban samu yi ba, ki yi haƙuri. Kayan guga ba sa jin lallashi. Na ma sauƙaƙa wa kaina, da yamma ba na cin komai, in sun tambaya in ce na ƙoshi. Ragowa kuwa ko ƙwayar shinkafa ban sake taɓawa ba, duk firji take tafiya. Sai dai abin mamaki, ƙaruwa take kullum, robobin gidan duk sun ƙare. Mamana ma kusan rabin farantinta take bari. Siket ɗin makarantarta ya yi mata yawa, na ga ta kama shi da fil. Ina jin kwaikwayona take, kin san 'yan mata. Gidan gaba ɗaya mun zama 'yan rage ƙiba!

Naki mai sabon ƙugu,
Tsinke

*

Tsinke,

Gaisuwa a taƙaice, domin raina a ɓace yake.

Yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana barin rabin abincinta, siket yana zamewa daga ƙugunta, kai kuma ka rubuto min kana dariya? Na ga irin wannan a makarantar nan. Yarinya ta fara ture abinci, ta ce ta ƙoshi, kowa ya ce yayi ne, sai ran da ta yanke jiki ta faɗi a layi. Aikina ke nan, kwanon da ya dawo kicin nake dubawa in san halin da mai shi ke ciki.

Na tabbata ka cika gidan da zancen tumbi da bel da sikeli, har yarinya ta fara jin kunyar jikinta. Na ce ka zauna ka ci, ka tsallake wannan ka ɗauki wanda ya yi maka daɗi. Wa ya ce ka kwana da yunwa? In don ka riƙe sitiyari za ka saki 'yarka, gara a mayar da kai wankin mota gobe. Ka gyara, in ba haka ba ni da kaina zan kira uwarta in ce ta dawo.

Ludayi

*

Zuwa ga ɗan'uwana Tsinke,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya kai da yara. Gwiwar maigidan ta saki.

Shiru ya yi yawa. Na kira ka ba ka ɗaga ba, na aika saƙo ba amsa. Na san bakina, in ya fara ba ya da birki, maigidan ma ya ce na wuce gona da iri. Ban kira Maman yara ba, ba kuma zan kira ta a bayan idonka ba. Tsoro ne ya sa na rubuta abin da na rubuta, domin yarinyar nan a hannuna aka fara yi mata wanka.

Ka zage ni in kana so, ai wasa ya halatta tsakaninmu, amma ka faɗa min yadda take. Lokacin komawarka wurin likita ma ya matso, hankalina ba a kwance yake ba.

Taka,
Ludayi

*

Zuwa ga 'yar'uwata Ludayi,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, Mamana ma lafiyarta ƙalau, ki kwantar da hankalinki. Takardunki biyu sun iso. Ta farkon ta yi min zafi, ba zan yi miki ƙarya ba, sai da na yi kwanaki ban son jin sunanki. Amma ita ta sa na rufe bakina na buɗe ido. Sai dai ni da ke duk mun yi kuskuren karatu.

Ban taɓa yi wa yaran nan zancen likita ko tumbi ba, wannan ki cire shi. Da na karanta faɗanki sai na kashe dutsen guga na tsaya ina kallon su suna ci. Na ga Mamana, kafin ta kai loma ɗaya baki, ta sa cokali ta raba abincinta biyu, ta ture rabi gefe, ta ɗora namanta a kai. Gola ya ture tasa shinkafar, naman dai ya jefa a baki da sauri. Auta ma ya ture 'yar tasa da yatsa. Na ce a raina yaron da ya ƙoshi ai a ƙarshe yake bari, ba a farko ba.

Washegari da safe na ɗumama ragowar firji na zuba musu. Auta ya kalli farantin ya turo min, ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, naka ne."

Na ce, "Nawa kamar yaya?"

Ya ce, "Rabon Baba ne. Yaya ta ce kowa ya riƙa bar maka, tunda kai ba ka da faranti."

Gola ya ɗaga kai yana ƙirga silin. Mamana ta tashi ta shige kicin. Na bi ta, na tarar ta buɗe famfo tana wanke kofin da ba shi da datti. Na ce, "Mamana, faɗa min gaskiya."

Ta ce, "Baba, ina ganin tukunya. Kana zuba mana har ka kankare ƙasa, kai ba ka zuba ba, sai ka ce ka ci a hanya. Kuma in mun tashi ina ganin kana cin wanda muka bari a tsaye, da sauri. Na ɗauka makarantar Umma ce ta cinye rabonka."

Na ce, "To da na daina ci fa?"

Ta ce, "Da na ga kana sawa a firji, sai na ce ko ya yi maka kaɗan ne kake tarawa. Shi ne na ƙara."

Ludayi, na zauna a kan buhun shinkafa, buhun da ko rabinsa ba mu ci ba. Wata da watanni yarinyar nan tana kwana da sauran yunwa a cikinta don ta ciyar da ni, ni kuma ina ɗora tumbi da abincinta ina yabon tsaftarsu. Na yi kuka a gabanta, ban ji kunya ba.

Ranar na tara su na faɗa musu komai: abin da likita ya ce, da sitiyari, da cewa abinci bai taɓa yi mana kaɗan ba. Na buɗe musu buhu suka gani. Da yamma na sauko da faranti na huɗu, wanda uwarsu ke ci a ciki, na zuba nawa rabi ganye kamar yadda kika ce tun farko, na zauna a tsakaninsu. Guga ta koma ranar hutu, kuma ba wanda ya mutu. Na kira Maman yara na ba ta labari, ta ce in ba ta Mamana, suka daɗe suna magana a ɗaki.

Yanzu ba ragowa a gidan nan, ko kyanwar maƙwabta ta daina leƙo mu. Yaran kuma sun zama 'yan sandana. Auta ne mai riƙe da gwangwanin sukari, kuma ba ya karɓar cin hanci. Abin mamaki, tun da na fara cin na yamma a zaune, kaskon bakin tasha ya daina kirana da safe. Mamana dai har yanzu sai ta leƙa farantina kafin ta ɗauki cokali.

Saura kaɗan in koma wurin likita. Ba na fargaba.

Naki,
Tsinke

*

Tsinke ɗan gwaggona,

Ina gaisuwa, muna lafiya. Takardarka ta sa na zauna a bayan kicin ina share hawaye da bakin zani, masu taya ni aiki suka ɗauka albasa ce.

Ni mai cika baki da karatun kwano, ka rubuta min tun a takardar farko cewa har nama suke bari, na wuce ina dariya. Wane yaro ne ke barin nama? Ka yafe min maganar da na faɗa maka. Takwarar Gwaggo kuwa ba ta bar komai na mai sunan ba, ita ma haka take, sai kowa ya ci take tuna tana da baki.

Ka ƙara mata ƙwai da madara da safe, ka bar ta ta ƙara in tana so, kada ka matsa mata. In siket ɗin bai fara kama ta ba nan da ɗan lokaci, ka kai ta a duba ta. Kai kuma ranar gwaji kada ka yi wayon ƙin karyawa, ka je yadda kake. Ina jiran labari.

Taka har kullum,
Ludayi

*

Zuwa ga Ludayi, shugabar masu girki,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da maigidan da yara. Mu nan sai godiya.

Likita ya sa hannu! Ya ɗaura abin awon sau ɗaya kawai, ya gyaɗa kai. Na hau sikeli, ya ce har yanzu da sauran aiki, in ci gaba da magani, in kuma dawo a sake dubawa. Na ce ko kullum yake so zan zo, a ƙafa ma. Ya tambaye ni wane wurin motsa jiki nake zuwa, na ce filin tasha da hawan makarantar su Auta. Maman yara za ta ƙarasa karatunta, motata kuma tana hannuna. Dunƙulen hannuna yanzu yana shigewa tsakanina da sitiyari, sabuwar rigar da aka ba ni ko alamar layi babu. Tsinke dai ban koma ba, kada ki sa rai, amma na bar turmi.

Mamana ta cire fil daga siket. Jiya da yamma muna ci, na lura ba ta leƙa farantina ba, kanta kawai ta duƙar tana ta aiki. Ni kuwa na ɗan zuba fiye da cikina, na ƙoshi na bar 'yar shinkafa da tsokar nama ɗaya. Na miƙe zan nemo roba, sai ta riƙe gefen farantin ta ce, "Baba, ba a zubar da abinci." Ta jawo shi gabanta ta share tas, har da naman.

Ki gaida kowa.

Ni ne naki,
Tsinke